Harafin da Inna Ta Iya Faɗa

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne katin walimar nan da matar Bashir ta kai aka buga, aka rangaɗa "Hajiya A'isha Garba" da ruwan zinariya, aka raba wa rabin Adjamé kafin idona ya kai kansa. Ban ga laifinta ba. Yarinyar kirki ce, tun da ta shigo gidan nan Ashi take ji ana kirana, kuma duk Bahaushe ya ji Ashi ai A'isha zai kawo a ransa. Ku da na haifa ne kuka ba ni haushi. Kun san sunana Halima don kuna gani a takardu, amma da na tambaye ku daga ina Ashi ta fito sai kuka tsaya kallon juna kamar an aike ku kun manta saƙo. To ku gyara zama in gaya muku, don kada wata rana ku rubuta mini sunan wata a allon kabari.

Na tashi a gidanmu na Adjamé Saint-Michel a nan Abidjan, gidan haya mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, kuma a duk gidan babu mai kirana da sunana. Ni ce 'yar fari, ga shi sunan mahaifiyar Baba aka sa mini. Kun ga Inna ta shiga tsaka mai wuya ke nan: alkunyar ɗan fari ta hana ta, kunyar suruka ta ƙara ɗaure mata baki. Idan tana nemana sai dai in ji "Ke" ko "Ina yarinyar nan?", ko ta kira ƙanwata ta ce ta kira yayarta, alhali ina zaune kusa da ƙafarta. Baba kuwa Uwata yake ce mini har ya bar duniya. Da na shiga lakwal, wato makarantar boko, na ce to, a nan dai za a faɗa. Ina! Su can da sunan uba suke kiran yaro, kuma sunan Baba Garba. Kun san abin da garba take nufi a garin nan: acceke, dambun rogon nan, da soyayyen kifi na bakin titi. Duk safiya mushe, malamin ajinmu, ya ce "Garba", sai wani ɗan banza daga baya ya ce "da barkono ko babu?", aji ya kwashe da dariya. Inna ma, saboda ba ta faɗin sunan miji, ko abincin ba ta ambata, sai ta ce a sayo mata "na bakin titin nan". Haka na girma, mutum da sunansa mai daɗi amma ba ya jin sa sai a bakin likita.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta ina ƙarshen karatun dakta. Wurin aikinmu wani ƙaramin labo ne, ɗakin gwaje-gwaje, a Treichville, aikina kuwa sauro. Da sassafe nake fita, in hau bas zuwa Filato, in shiga bato in tsallaka ruwa, in sauka da takalman roba har gwiwa da ludayi mai dogon hannu. Ina bin kwatami da lambunan latas na gefen ruwa ina ɗibar 'ya'yan sauro, in kai labo in rene su kamar 'ya'yan kaji har su yi fiffike, sannan in gwada musu maganin da ake jiƙa gidan sauro da shi. A nan na ga abin da ya tsayar mini da numfashi. Sauron da na ɗebo daga lambunan da ake yi wa feshi ba sa mutuwa. Su sha magani, su kwanta, su tashi su kaɗe fiffike kamar an ba su koko. Na sake, na sake, abu ɗaya. Ranar da na nuna wa Farfesa, mai kula da aikina, wani dattijo ɗan ƙasar nan mai son tsokana, sai da ya cire gilashinsa ya goge ya mayar.

"Garba," ya ce, "wannan ba na aljihun tebur ba ne. Mujalla za a kai."

Mujallar da yake nufi ba irin ta tebur ɗin masu jarida ba ce mai hotunan 'yan ƙwallo. Ta masana ce, a ƙasar waje ake buga ta, da Ingilishi. Ka aika musu aikinka, su miƙa wa wasu masana biyu ko uku da ba za a taɓa gaya maka sunansu ba, su tsefe shi kamar ana tsefe kitso, in ya tsira a buga. A wurinmu kuma doka ce, ba ka tsayawa gaban malamai ka kare digirinka sai an buga maka ko da guda ɗaya. Wannan shi ne dalilin da kowa ya sani. Nawa dalilin na cikin ciki daban ne, kuma ban gaya wa kowa ba: ina so in ga Halima a rubuce, baƙi a kan fari, a takardar da za ta shiga ƙasashen da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Wallahi in na tuna haka a cikin bato, ni kaɗai nake murmushi har fasinjoji su riƙa kallona.

A gida kuwa wani lissafin ake yi. An riga an sa ranar aurena da babanku Sani, bayan Sallar Layya. Sani a tashar jiragen ruwa yake aiki, kuma an ba shi canji zuwa San-Pédro, don haka da an ɗaura aure can za mu tare. Inna ta tara kayan ɗaki har ba wurin shimfiɗa tabarma, matan unguwa sun fitar da anko. Ni kuma na ce ai da sauran lokaci, in aika a buga, in kare, in yi aure, komai a jere. Ban san hali ba.

Na rubuta da Faransanci, muka juya shi zuwa Ingilishi da ƙamus da gumi, na je shagon intanet na Roxy na aika. A lokacin a nan kaɗai muke samun layi, ka zauna kana kallon allo yana tunani kamar mai bin bashin barci, ga ihun 'yan gbaka, motocin hayar nan, yana shigowa ta taga. Mujallar farko ko sati ba a rufa ba suka amso da layi biyu: sun gode, bai dace da su ba. Ko masu tantancewa ba su miƙa wa ba. Na ji zafi, amma Farfesa ya ce wannan gaisuwa ce kawai, kowa da ita yake farawa. Muka gyara muka aika wa ta biyu. Sai shiru. Azumi ya zo ya wuce, ƙaramar Salla ta wuce, na zama 'yar gida a shagon nan har mai shagon yana ganina yake girgiza kai tun kafin in zauna.

Ranar da amsa ta zo, shafi ne bayan shafi. Mai tantancewa na farko mutum ne mai kunya, ya yaba kaɗan ya ciji kaɗan. Na biyun kuwa, Allah ya isa tsakanina da shi na wannan yini, ko da yake daga baya na yafe har na yi masa addu'a. Babu abin da ya bari. Ingilishina bai yi ba, teburin alƙalumana bai yi ba, kuma babban abin, ya ce damina ɗaya na ɗiba, wa ya sani ko sauron shekarar ne kawai masu taurin kai? In na isa in sake wata daminar a gani. Na biya kuɗin bugawa a takarda, na tsallaka Treichville idona jawur, na ajiye wa Farfesa a tebur na ce sun ƙi. Ya karanta, sai na ga bawan Allah ya miƙe yana taka rawa a tsakiyar labo, da farar rigarsa da tumbinsa.

"Wa ya ce miki sun ƙi? Babban gyara suka ce. Ƙofa ce suka buɗe, ke kina kuka a bakinta."

Sannan ya zauna ya shimfiɗa mini hanya biyu, don mutum ne mai gaskiya. Akwai wata ƙaramar mujalla da ke buga duk abin da aka kai mata ba tare da kowa ya karanta ba, kafin Layya an gama, in kare digiri, in bi mijina. Sai dai aikin zai kwanta a can, ba mai gani, ba mai yarda da shi. Ko kuma in tsaya in sake damina guda a kwatamin Treichville, in amsa wa mutumin nan tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk da haka ba a yi mini alkawarin komai ba. Ya ce shi ba zai zaɓa mini ba, don ba shi aka sa wa rana ba.

Da yamma na kai maganar gida. Baba ya dawo daga rumfarsa ta albasa yana alwala a bakin famfo, Inna tana tsince shinkafa. Na karanta musu abin da mutumin ya rubuta ina fassarawa. Inna ta ajiye faranti.

"Shi wannan mai zagin, ɗan wane gida ne?"

"Ba a faɗin sunansu, Inna."

"Ya zage ki tas, ya ɓoye sunansa, ke kuma ki ɗaga aurenki dominsa? Ke, ki ji tsoron Allah. Me zan ce wa matan da suka ɗinka anko?"

Baba ya gama shafar kai ya ɗago. Shi har ya rasu harshensa na mutanen Konni bai canza ba.

"Uwata, wanga mutum, shafi nawa ya rubuto?"

Na nuna masa. Ya auna takardun a hannu kamar yana auna kaya.

"Wanda ba ya sayen albasa wucewa yakai. Wanda ya tsaya ya kwance buhu, ya latsa wagga ya latsa waccan, ya ce duk ruɓaɓɓu ne, shi ne da kuɗi a aljihu. Ni dai haka na sani. Amma aure naki ne da yaron nan, ki tahi ki ji bakinsa."

Na sami babanku a tashar bato ta Treichville washegari, ya sayo mana aloko, soyayyar ayaba, a takarda. Na zayyana masa komai. Ya daɗe yana kallon ruwa yana tauna, har na fara shirya abin da zan ce in ya ce a mayar masa da kayansa. Can ya juyo.

"Ni dai ban taɓa jin wanda sauro ya ƙwace wa amarya ba sai ni. In kika kai wa masu buga komai ɗin nan, za ki ji daɗi?"

Na ce a'a.

"To ba zan kai mace San-Pédro tana kallona tana tuna kwatami ba. Ki gama. Amma ki gaya wa mutumin nan marar suna ina gaishe shi, kuma kada Allah ya haɗa mu."

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Sani ya tafi shi kaɗai, kuma ba a rasa masu kai masa hotunan 'ya'yansu ba. Ankon da aka ɗinka domina a bikin wata aka sa shi, ina ji ina gani mata suka wuce ta ƙofar gidanmu da shi. A unguwa aka ce boko ya taɓa mini kai, wasu suka ce mijin ne ya gudu ake rufawa. Abin da ya fi ci mini rai Inna ce. Ba ta yi faɗa ba, ta dai rufe kayan ɗakin da tsohon zane, kuma ko "Ke" ɗin da nake samu ta janye. Sai ta ajiye mini abinci ta wuce. Na sha kuka a kan wannan fiye da duk maganar mutane.

Amma daminar nan, ku bari kawai. Ban taɓa aiki da jin daɗi irin nata ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, kwatami ya cika ya tumbatsa, ni kuwa murna nake yi don kayan aikina sun samu. Masu lambu suka saba da ni, suna hango ni suke cewa ga Madam Sauro nan. Na ƙara wurare, na ɗebo daga inda ba a feshi don a gwada da na lambu, kamar yadda marar sunan ya nema. Duk gwajin da na yi sai in tsaya da agogo zuciyata tana dukan uku-uku, kuma duk gwajin sauron lambu su tashi su kaɗe fiffike. Ni kaɗai ce a Abidjan nake yi wa sauro kirari don ya ƙi mutuwa. Kuma gaskiya ɗaya ce, tambayoyin mutumin nan sun gyara aikin, abin da na aika karo na biyu ya fi na farko nesa ba kusa ba. Na amsa masa ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi, inda ya yi daidai na gode, inda ya kauce na nuna masa da hujja, Farfesa yana goge mini wuraren da bakina ya yi kaifi.

Amsar ta same ni a shagon Roxy da hantsi. Kalma ɗaya na gani a layin farko, an karɓa, ban ma karanta sauran ba. Na miƙe kujera ta faɗi, na rungume wata mata da ban taɓa gani ba tana rubuta wa ɗanta saƙo, na fita na bar jakata sai da mai shago ya biyo ni da ita. Daga Roxy har Saint-Michel ban san ko ƙafata ta taɓa ƙasa ba. Na kira Sani a wayar kan titi ina dariya ina kuka, ya ce in tsaya in yi magana ɗaya tukuna, an karɓa ko an mutu? Farfesa ya sayo lemo kwali guda aka sha a labo. Ni kuwa jira nake in riƙe takardar a hannu in ga abin da na yi shekara ina mafarkinsa.

Da kwafin ya iso, Farfesa ya miƙo mini da hannu biyu. Takarda mai santsi, kan magana da manyan baƙaƙe, sunana a farko kafin nasa. Na duba. Na sake dubawa. An rubuta: Garba H.

"Ina Halimar?" na ce.

"Ga ta nan. H. Haka wannan mujallar take yi wa kowa, sunan gida cikakke, naka harafi ɗaya. Ni ma dubi nawa."

Na ɗaga aure, na sha gori, na yi damina biyu a kwatami, ashe acceke da kifi na kai duniya. A cikin bato na rasa ko dariya zan yi ko kuka, na yi duka biyun.

Baba ba ya karatun boko, amma ya san zanen sunansa tun daga katinsa na zaman baƙi. Da na miƙa masa, ya kai takardar nesa da ido, ya kawo kusa, sai yatsansa ya tsaya.

"Wanga ba ni ba ne?"

"Kai ne, Baba."

"Har can sun san ni?"

Ban taɓa ganin haƙoran Baba duka a waje ba sai ranar. Ko hula bai gyara ba ya koma kasuwa da takardar, ya bi rumfa rumfa, duk wanda ya taɓa ce masa ya bar 'ya mace tana tsufa a lakwal sai da ya sa masa ita a hanci. Kwafin nan yana cikin akwatina, har yau in kun shinshina za ku ji albasa. Murnarsa ta wanke mini rabin takaicin, amma rabi yana nan.

Bayan la'asar Baba ya dawo da takardar ya ajiye a kan tabarma ya tafi masallaci. Ina zaune a bakin ƙofa sai na ga Inna ta goge hannu a zane ta ɗauka. Ta daɗe tana kallo, ita da ko alif na boko ba ta sani ba. Ta yi magana ba tare da ta dube ni ba, kuma ita ce magana ta farko mai tsawo da ta yi mini tun da aka ɗaga bikin.

"Na ji an ce na mai gidan ne a nan. Ina naki?"

Na matso na ɗora yatsa a kan harafin. Na ce ga shi, guda ɗaya tak suka ba ni, sauran sun cinye.

"Wannan mai kama da tsani? Yaya ake faɗinsa?"

Na faɗa mata yadda muke faɗa a lakwal da Faransanci: ash.

Sai na ga bakinta yana motsi tana gwadawa a hankali.

"Ashe su ma suna da alkunya," ta ce. "Sun san 'yar fari ce."

Ta ajiye takardar ta koma madafa, ni kuma na ɗauka maganar ta ƙare ke nan.

Washegari da safe na sa takalman robana, na ɗauki ludayi, na kai bakin ƙofar gida, tsakar gida cike da mata ana layin famfo. Sai na ji murya daga bayana, da ƙarfi, yadda kowace uwa take kiran ɗanta.

"Ashi. Ashi, dawo ki karya kafin ki fita."

Na tsaya cak. Shekarata talatin a duniya, ban taɓa jin matar nan ta ɗaga murya ta kira ni ni kaɗai da wani abu da yake nawa ba. Ba sunan surukarta ba ne, ba kuma wanda aka raɗa mini ranar suna ba, don haka babu kunyar da ta hana ta. Matan famfo suka juyo suna tambayar wace ce Ashi. Ni kuwa na kasa juyowa don hawaye, sai da ta sake kira na uku, har da ɗan faɗa a ciki.

Daga ranar ba ta sake ce mini "Ke" ba. A bikinmu da babanku, da aka yi bayan na kare digiri da sabon anko, da shi ta riƙa kirana a gaban mutane, unguwa ta ɗauka, ku ma kuka taso kuka tarar. Na buga takardu da yawa bayan wannan, wasu mujallun har tambaya suke ko ina so a rubuta sunana cikakke. Ban taɓa yarda ba. Ku gaya wa matar Bashir ta kwantar da hankalinta, amma kati na gaba a rubuta Ashi, haka uwata ta kira ni.